Mashigin Tekun Gini: Yadda Yanayin Gaɓa Ke Shafar Ciniki da Farashin Kaya

LEGAS: Mafi yawan kayayyakin da ake shigo da su Nijeriya da maƙwabtanta daga ƙasashen ƙetare, tun daga alkama da takin zamani har zuwa injuna da kayan gyaran motoci, ta Mashigin Tekun Gini suke biyowa. Ta nan ne kuma ɗanyen mai da iskar gas da koko da riɗi da citta suke fita zuwa kasuwannin duniya. Saboda haka ɗan kasuwar da ke Kantin Kwari a Kano, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko unguwar Sabo ta Ibadan, yana da ruwa da tsaki a wannan teku ko da bai taɓa ganinsa ba, domin zurfin ruwansa da yanayin gaɓarsa da tsaron hanyoyinsa duk suna shiga cikin kuɗin da yake biya kafin kaya su iso shagonsa.

Iyaka da Siffa

Mashigin Tekun Gini wani yanki ne na Tekun Atlantika da ya kutsa cikin ƙugun nahiyar Afirka, a daidai inda gaɓa ta daina miƙewa daga yamma zuwa gabas, ta karya ta nufi kudu. Masu zanen taswirar teku suna auna shi daga tsinin ƙasa na Palmas, kusa da iyakar Laberiya da Kwaddebuwa, zuwa tsinin Lopez a ƙasar Gabon. Ƙasashen da ke bakinsa su ne Kwaddebuwa, Gana, Togo, Binin, Nijeriya, Kamaru, Ikwatoriyal Gini da Gabon, sai kuma ƙasar tsibirai ta Sao Tome da Firinsipe. A fagen siyasa da ciniki akan haɗa da Kwango biyu da Angola, wannan ne ma ya sa hedkwatar Hukumar Mashigin Tekun Gini, wadda aka rattaba hannu kan yarjejeniyar kafa ta a shekarar 2001, take birnin Luwanda.

A cikin mashigin akwai manyan lunguna biyu. Na yamma shi ne Lungun Binin, wanda ya taso daga gabashin Gana zuwa bakin Kogin Kwara. Na gabas shi ne Lungun Boni, wanda ake kira Lungun Biyafara kafin gwamnatin Nijeriya ta sauya sunan a shekarar 1975. Nijeriya, mai gaɓar da tsawonta ya kai kilomita 853, ita ce ke zaune a tsakanin lungunan biyu.

Layin da ya raba duniya kudu da arewa da kuma layin Girinwic da ake auna lokaci da shi, sun haɗu ne a tsakiyar wannan ruwa, kimanin kilomita 600 kudu da gaɓar Gana. Kusancin yankin da wannan layi ya sa ruwansa yana da ɗumi a mafi yawan shekara, ba ya ƙanƙara, kuma manyan guguwoyin teku irin waɗanda ke addabar Mozambik da Bangaladash ba sa tasowa a cikinsa. Tashoshin jiragen ruwansa suna iya aiki wata goma sha biyu cur.

Asalin Ƙasar

Masana ilmin ƙasa sun tabbatar da cewa fiye da shekaru miliyan 100 da suka wuce Afirka da Amurka ta Kudu a manne suke, kuma ƙusurwar ƙasar Barazil ta zauna ne daram a cikin wannan lungu kafin nahiyoyin biyu su rabu. A yayin rabuwar wata tsaga ta kutsa cikin tudu ta nufi arewa maso gabas, amma ba ta buɗe ta zama teku ba. Ita ce kwarin da Kogin Binuwai ke bi a yau. A cikin wannan kwari ne ake samun kwal ɗin Inugu da farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Gboko da Ashaka, a can ƙarshensa kuma aka sanar da gano mai a Kolmani, tsakanin jihohin Bauci da Gwambe, a shekarar 2019.

Kusa da wannan kwari akwai jerin duwatsu masu aman wuta da suka taso daga tsaunukan Adamawa suka faɗa cikin teku. Mafi tsawo a cikinsu shi ne Dutsen Kamaru, wanda ya haura mita 4,000, kuma ya yi aman wuta a shekarun 1999 da 2000. Ƙololuwar sauran duwatsun ita ce ta zama tsibiran Biyoko, Firinsipe, Sao Tome da Anobon. Ƙasar da ke gindin waɗannan duwatsu tana da albarka ƙwarai, dalilin da ya sa tun farko aka kafa manyan gandayen koko da ayaba da roba a can.

Koguna da dama suna zuba cikin mashigin, kamar Bandama da Komowe a Kwaddebuwa, Bolta a Gana, Sanaga a Kamaru da Ogowe a Gabon, amma uwa-uba shi ne Kogin Kwara. Yana tasowa daga tsaunukan Gini, kimanin kilomita 240 kacal daga Atlantika, sai ya juya wa tekun baya ya ratsa Mali da Nijar, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya kai teku bayan tafiyar kusan kilomita 4,200. Taɓo da yashin da ya daɗe yana kwasowa su ne suka gina yankin Neja Delta, fadama mai rassan ruwa barkatai, wadda dajin itatuwanta masu tsiro cikin ruwan gishiri ya fi na ko'ina girma a Afirka.

Gaɓar da Ba Ta da Mafaka

Babbar matsalar wannan gaɓa ga masu jiragen ruwa ita ce miƙewarta. Daga Kwaddebuwa zuwa Legas, tafiyar ɗaruruwan kilomita, akasarinta rairayi ne shimfiɗe, da tafkuna a bayansa, babu lungu mai zurfi da jirgi zai fake. Igiyar ruwa tana tasowa daga kudu maso yamma ta bugi gaɓar a karkace, ta riƙa tura yashi zuwa gabas dare da rana. Wannan yashi ne ke taruwa a bakin koguna da tafkuna ya toshe hanya.

Saboda haka har zuwa farkon ƙarni na 20 manyan jirage sukan tsaya nesa da gaɓa, a riƙa sauke kaya da kwale-kwale, ana asarar dukiya da rayuka a cikin igiya. Kayan da za su Legas ma akan wuce da su Forkados ne, a sake loda su a ƙananan jirage. Sai da aka gina katangun duwatsu a bakin tafkin Legas tsakanin shekarun 1908 da 1912, aka kuma yashe hanyar, sannan babban jirgin wasiƙu na farko ya iya shiga a shekarar 1914.

Haka labarin yake a kusan kowace tasha. An gina Takoradi a shekarar 1928 da Tema a 1962 ta hanyar jera duwatsu cikin teku. Abijan ba ta zama tasha ba sai da aka haƙa mashigar Biridi, mai tsawon kilomita 2.7, wadda ta haɗa tafkin birnin da teku a shekarar 1950. Tashar Kwatano ta fara aiki a 1965, ta Lome kuma a 1968. Tashoshin da ke cikin koguna, irin su Fatakwal, Warri, Kalaba da Duwala, sun sami mafaka daga igiya, amma taɓo yana cike hanyoyinsu, dole ne a riƙa yasa akai-akai da kuɗi masu yawa.

Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa ita ce, kowace tasha a yankin an gina ta ne da bashi ko da harajin jama'a, kuma kuɗin gini da na yasa suna komawa kan mai kaya ta hanyar kuɗin fito da na sauke kaya. Idan kuma kaya suka fi ƙarfin tasha, asarar takan yi muni. Idan ba a manta ba, a shekarar 1975 jirage fiye da 400, mafi yawansu ɗauke da siminti, sun yi jerin gwano a bakin Legas na tsawon watanni, gwamnati tana biyan tarar jinkiri, lamarin da ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can aka buɗe ta a 1977.

A zamanin manyan jiragen kwantena, zurfi ne ke raba gardama. Tashar Lome, mai zurfin fiye da mita 16, ta zarce Legas a yawan kwantenoni a shekarar 2017, duk da cewa mutanen Togo baki ɗaya ba su kai na birnin Legas ba. Dalili kuwa shi ne manyan jirage suna sauke kaya a can, ƙanana su rarraba zuwa sauran tashoshi. Wannan gasa ce ta sa Kamaru ta buɗe tashar Kiribi a 2018, Gana ta faɗaɗa Tema a 2019, Kwaddebuwa ta ƙara wa mashigar Biridi faɗi da zurfi a shekarar, Nijeriya kuma ta ƙaddamar da tashar Lekki mai zurfin mita 16.5 a watan Janairu na 2023.

Damina da Amfanin Gona

Ruwan saman da manomin ƙasar Hausa yake jira, mafi yawansa daga wannan teku yake tasowa. Idan tudu ya yi zafi a bazara, iska mai laima takan taso daga mashigin ta nufi arewa maso gabas. Tana sauke ruwa a gaɓa tun daga watan Maris ko Afrilu, ta isa Kano da Sakkwato a Mayu ko Yuni, ta ɗan taɓa Agadas a Yuli da Agusta, sannan ta fara ja da baya a Satumba. Idan ta janye, iskar hunturu ta Sahara takan biyo sawunta har bakin teku, hazonta ya riƙa hana jiragen sama sauka, ya kuma rage wa matuƙan jiragen ruwa gani a watannin Disamba da Janairu.

Rabon ruwan bai zo ɗaya ba. Ƙauyen Debunsha da ke gindin Dutsen Kamaru yana samun kimanin milimita 10,000 a shekara, yana cikin wurare mafi yawan ruwan sama a duniya. Kalaba tana samun kusan milimita 3,000, Legas kuma tsakanin 1,500 da 1,800. Amma birnin Ankara na Gana, duk da yana bakin teku, ruwan da yake samu bai kai na Zariya ba. Daga gabashin Gana zuwa Togo da Binin, dajin kurmi ya yanke, filin ciyawa ya sauko har bakin ruwa. Wannan giɓi ne ya raba kurmin Afirka ta Yamma gida biyu, shi ne kuma ya sa Binin da Togo suka fi dogara da auduga da cinikin kayan wucewa, ba su zama manyan masu noman koko ba.

A inda kurmi yake, nan arzikin noma ya taru. Kwaddebuwa da Gana kaɗai suna samar da kimanin rabin kokon duniya, idan aka haɗa da Nijeriya da Kamaru kuwa adadin ya kai wajen kashi biyu cikin uku. Tarihi ya nuna cewa wani maƙeri ɗan Gana, Tetteh Quarshie, shi ne ya kawo irin kokon daga tsibirin Biyoko a shekarar 1879. Da rashin kyawun yanayi da cututtukan shuka suka rage amfanin da aka samu a Gana da Kwaddebuwa, farashin tan ɗaya ya haura dalar Amurka 10,000 a watan Maris na 2024, abin da ba a taɓa gani ba. Ban da koko, kurmin yana ba da manja, roba, katako da goro.

Wannan bambanci tsakanin kurmi da sahel shi ne ginshiƙin cinikin cikin gida tun kaka da kakanni. Arewa tana tura shanu, albasa, tumatur, wake da gero. Kudu tana turo goro, manja, garin rogo da katako. Kowane ɓangare yana noma abin da ɗayan ba ya iyawa.

Kifi

Daga watan Yuli zuwa Satumba, ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙarƙashin teku a gaɓar Gana da Kwaddebuwa, ɗauke da abincin da ƙananan kifaye irin na sadin suke ci. Wannan ne lokacin kakar masunta, kuma kifin da aka banda a wannan kaka yana kaiwa har kasuwannin Burkina Faso da Nijar. A can nesa da gaɓa kuma ana kama kifin tuna, wanda ake sa wa a gwangwani a masana'antun Abijan da Tema.

Sai dai yawan kamu, musamman na manyan jiragen ƙasashen waje masu jan koma ba bisa ƙa'ida ba, ya rage kifin ainun, har ta kai Gana ta hana masu kwale-kwale fita na wata guda a shekarar 2019 domin kifi ya hayayyafa. A Nijeriya kuwa alƙaluman hukuma sun nuna ana buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, alhali abin da ake samu a gida bai kai rabin haka ba. Da daskararren kifin ƙetare ake cike wani ɓangare na giɓin, kuma da kuɗin musaya ake sayensa.

Mai da Iskar Gas

Taɓon da Kogin Kwara ya jibge a bakin teku, wanda kaurinsa ya kai kilomita 10 a wasu wurare, shi ne ya binne ragowar tsirrai da halittun ruwa har suka rikiɗe suka zama mai. An fara samunsa a Oloibiri a shekarar 1956, aka fara fitar da shi a 1958. Nijeriya tana da ajiyar kimanin ganga biliyan 37 ta ɗanyen mai, da iskar gas fiye da ƙafa tiriliyan 200. Man yankin ba shi da nauyi, ba shi kuma da yawan farar wuta, don haka yana da sauƙin tacewa, kuma jirgin da ya ɗauke shi zuwa Turai ko Amurka ba ya bi ta wata ƙuntatacciyar mashiga irin ta Hormuz ko Suwez.

Da tafiya ta yi nisa, haƙar ta koma cikin ruwa mai zurfi. Rijiyoyin Bonga, kimanin kilomita 120 daga gaɓa, sun fara aiki a 2005, na Agbami kuma a 2008. Kamfanin sarrafa iskar gas na tsibirin Boni ya fitar da kayansa na farko a 1999. Ikwatoriyal Gini ta gano mai mai yawa a 1995, Gana ta gano rijiyoyin Jubilee a 2007 ta fara haƙa a ƙarshen 2010, Kwaddebuwa kuma ta gano na Baleine a 2021. Akwai bututun gas mai tsawon kilomita 678 da ya tashi daga Nijeriya ya bi ta ƙarƙashin teku zuwa Binin, Togo da Gana. Matatar Dangote da ke Lekki, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, ta fara aiki a shekarar 2024, kuma kusancinta da ruwa mai zurfi yana cikin dalilan zaɓen wurin.

Arzikin ƙarƙashin ruwa ya sa iyakokin teku sun zama abin jayayya. Kotun Duniya ta bai wa Kamaru tsibirin Bakasi a watan Oktoba na 2002, aka kammala miƙa shi a Agustan 2008. Nijeriya da Sao Tome sun zaɓi sulhu a 2001, suka amince su haƙi yankin da suke taƙaddama a kansa tare, Nijeriya ta ɗauki kashi 60, Sao Tome kashi 40. Gana da Kwaddebuwa kuwa sai da kotun dokokin teku ta raba musu gardama a shekarar 2017.

Hanyoyin Tudu

Bayan ƙasashen gaɓa akwai ƙasashe biyar da ba su da teku, wato Mali, Burkina Faso, Nijar, Cadi da Afirka ta Tsakiya, kuma wani babban ɓangare na cinikinsu na ƙetare ta tashoshin wannan mashigi yake bi. Kayan Yamai bisa al'ada suna sauka a Kwatano, su yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 ta Faraku da gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya. Kayan Njamena suna sauka a Duwala, su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, su ƙarasa a mota, jimlar tafiyar kimanin kilomita 1,800. Man Cadi yana bin bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kiribi tun shekarar 2003, na Nijar kuma yana bin wani mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme a gaɓar Binin tun 2024.

Hausawa sun daɗe da sanin waɗannan hanyoyi. Fataken Gwanja sukan yi watanni a ayari kafin su isa kasuwar Salaga su sayo goro. Da jiragen ruwa masu tururi suka fara zirga-zirga, hanyar ta sauya. Alhaji Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka riƙa ɗora goro a jirgi daga gaɓar Gana zuwa Legas, kuma da layin dogo ya isa Kano a shekarar 1911, goro ya riƙa hawa arewa, gyaɗa da fatu da auduga suna gangarowa teku. Zangunan Ankara, Kumasi da Lome, da unguwannin Hausawa na Agege, Shagamu da Duwala, duk a kan wannan ciniki suka bunƙasa.

Raunin waɗannan hanyoyi shi ne siyasa tana iya toshe su dare ɗaya. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, abin da ya girgiza cinikin shinkafa da motoci na Kwatano. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyakoki. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren gadar Gaya, kayanta suka koma bin Lome ta Burkina Faso, hanya mai nisa wadda motoci ke bi da rakiyar sojoji. Farashin shinkafa da sauran kayan masarufi ya tashi a kasuwannin Nijar, a watan Mayu na 2024 kuma Binin ta hana lodin man Nijar na ɗan lokaci.

Domin kusanto da tasha ga 'yan kasuwar arewa, an buɗe tashar sauke kaya ta tudu a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, da ta Funtuwa a 2024, an kuma aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284 a 2021. Amfanin waɗannan tashoshi ya rataya ne a kan samun jirgin ƙasa mai tafiya a kan lokaci tsakaninsu da teku, domin kwantenar da ta bi hanyar mota daga Apapa ta riga ta sha cunkoso da shingayen hanya.

Haɗurran da Ke Tattare da Yankin

Na farko shi ne fashin teku. Rassan ruwan Neja Delta maɓoya ce da ke da wuyar shiga ga jami'an tsaro. A shekarar 2020 ofishin IMB mai lura da laifuffukan teku ya ƙidaya ma'aikatan jirage 135 da aka sace a duniya, 130 daga cikinsu a wannan mashigi. Ƙasashen yankin sun ƙulla yarjejeniyar Yawunde a 2013, Nijeriya ta kafa dokar hukunta 'yan fashin teku a 2019, ta kuma ƙaddamar da shirin tsaron ruwa na dala miliyan 195 a watan Yuni na 2021. Hare-haren sun ragu matuƙa daga wannan shekara. Amma ƙarin kuɗin inshora da ake ɗora wa jiragen da ke zuwa yankin bai sauka da irin wannan sauri ba, kuma hukumar NIMASA ta sha yin kira da a soke shi.

Na biyu shi ne zaizayar gaɓa. Duk katangar da aka gina cikin teku takan tare yashi a yammacinta, ta bar gabashinta babu kariya. Haka katangun Legas suka jawo teku ya cinye bakin ruwan tsibirin Biktoriya shekara da shekaru, haka ya cinye tsohuwar hanyar mota gabas da Lome, da unguwanni gabas da Kwatano. Madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ta rage yashin da Kogin Bolta ke kaiwa teku, garin Keta ya rasa wani babban ɓangarensa. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa lalacewar gaɓa ta jawo wa Binin, Kwaddebuwa, Togo da Sanigal asarar dala biliyan 3.8 a shekarar 2017 kaɗai. Ga kuma gurɓatar da malalar mai ta haddasa: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce tsabtace ƙasar Ogoni zai ɗauki shekaru 25 zuwa 30.

Na uku shi ne ambaliya. Duk ruwan da ya sauka a kwarin Kwara da Binuwai, daga Mali har Kamaru, ta Lakwaja yake bi. A shekarar 2022 ambaliya ta hallaka mutane fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, ta shafe hanyar Lakwaja a watan Oktoba, tankokin mai suka maƙale, aka shiga layin mai a Abuja.

Na huɗu bai daɗe da bayyana ba. Wayoyin sadarwa da ke haɗa yankin da duniya suna kwance ne a ƙarƙashin wannan teku, da yawansu kuma suna bin hanya ɗaya. A ranar 14 ga Maris, 2024, huɗu daga cikinsu suka tsinke a kusa da gaɓar Kwaddebuwa, inda wani kwazazzabo mai zurfi yake a ƙarƙashin ruwa daura da Abijan. Binciken farko ya danganta lamarin da motsin ƙasa a ƙasan teku. Harkokin bankuna da na intanet sun tsaya ko sun yi rauni a ƙasashe da dama, aka kuma yi makonni kafin a kammala gyara.

Abin Lura ga 'Yan Kasuwa

Mai shigo da kaya zai amfana idan ya kwatanta jimlar kuɗin kowace hanya daga tasha har rumbunsa, wato fito da kuɗin tasha da tarar jinkiri da kuɗin mota da kwanakin da kaya za su yi a hanya, maimakon kuɗin jirgi kaɗai. Tashar da ta fi kusa a taswira takan iya fin ta nesa tsada idan akwai cunkoso ko iyaka a rufe. Yana da kyau kuma ya tambayi wakilinsa ko jirgin zai zo kai tsaye ne, ko za a sauke kayan a Lome ko Tema a sake loda su, domin hakan yana ƙara kwanaki.

Kazalika lokutan shekara suna da tasiri. Igiyar teku ta fi ƙarfi daga Yuni zuwa Satumba. Ruwan Kwara da Binuwai yana kai maƙura a Lakwaja a Satumba da Oktoba, lokacin da hanyoyin da suka haɗa kudu da arewa suka fi fuskantar yankewa. Babbar kakar koko tana farawa a Oktoba, tashoshin Abijan, San Fedro, Tema da Takoradi su cika da kayan fita, kuɗin hayar manyan motoci kuma ya tashi a yankunan. Kayan ƙarshen shekara sukan cunkushe tashoshin Legas a Nuwamba da Disamba, sannan hazon hunturu ya biyo baya. Masu fitar da riɗi da citta da zoɓo, waɗanda kakarsu ke faɗawa cikin waɗannan watanni, su ne suka fi buƙatar kama gurbin kwantena da na jirgi tun kafin a fara girbi.